Kulochin Motar Faruk

Ku da kuke zuwa ƙofar shagona kuna nuna mini bidiyo a waya, wai ga wani ya canza kulochi kafin shayinsa ya huce, ku gyara zama ku ji. Wanda ya ɗauki bidiyon nan ya yanke wurin da noti ya ƙi kwancewa, ya yanke wurin da giyabos ya ƙi shiga, kuma bai nuna muku fuskar mai mota ba ranar da ya dawo da ita. Ni sunana Salifu. A Magazin ta Suame, unguwar makanikai ta Kumasi, Masta Salifu Kulochi ake ce mini, don Salifun da ke riƙe da sifana a nan suna da yawa. A Zongo aka yanke mini cibiya, a ƙarƙashin mota na yi furfura.

Kulochin farko da na sa wa hannu na wata tsohuwar tirotiro ce, ƙaramar bas ɗin haya, mai zuwa Oforikrom. A shagon maigidana ne, Wofa Yaw, wani gajeren Ba'asante mai ƙaramar murya, wanda babana ya kai ni wurinsa da kaza da kwalin lemo ya ce ga amana. Na daɗe ba abin da nake yi sai wanke noti a kananzir da miƙa sifana. Ran nan ya ce in shiga ƙarƙashin motar. Babu rami, babu injin ɗaga mota. Kwali muka shimfiɗa, muka tokare motar da kututture, muka tallafo giyabos a ƙirji muna turawa. Ya shiga, saura kamar faɗin yatsa biyu, sai ya cije. Na ce a raina ai in na sa noti na ɗaure, notin zai jawo shi. Hannuna bai kai ga sifana ba Wofa Yaw ya taka mini ƙafa. Hausarsa ta kasuwa ce, ya ce, "Salifu, giyabos ba a jawo shi da noti. In ya ƙi shiga, magana yake maka. Fito da shi ka ji." Muka fito da shi, ashe faifan ne ya goce daga tsakiya. Da na ɗaure, da na lanƙwasa sabon faifai tun mota ba ta tashi ba.

Tunda wasunku ba su taɓa ganin cikin abin ba, bari in faɗa muku yadda yake. A bayan inji akwai wani zagayayyen ƙarfe mai nauyi kamar dutsen niƙa, shi ne fulawil, tare da inji yake juyawa. Faifan kulochi yana kwance a fuskarsa, wani murfi mai ƙarfi yana danne shi. Muddin yana danne, ƙarfin inji na wucewa zuwa taya. In direba ya taka feda, akwai wani ƙarfe mai baki biyu, mu gwafa muke ce masa, shi zai tura boris, boris ya sa murfin ya ɗaga, faifai ya saki, a sa giya. Shi ke nan. Kayan ba su da yawa, amma duk a ɓoye suke tsakanin inji da giyabos. In ka rufe, ka rufe. Abin da ka bari a ciki yana nan yana jiran ranarsa.

Wata tifa mai ɗaukar yashi ce ta koya mini darajar alli. Direban ya canza faifai har ya gaji, kowanne ya ƙone. Wofa Yaw ya sa na wanke fulawil ɗin da kananzir, na goge ya bushe, sannan ya ba ni allin makaranta ya ce in shafe fuskar duka. Muka zauna muka ci ƙosai. Da muka dawo sai ga baƙaƙen layuka sun fito a kan farin allin kamar jijiyar ganye. Kananzir ɗin da ya ɓuya cikin tsagar ƙarfen ne ya fito ya tona asiri. Har yau ba na rabuwa da alli a shago. Bayan shi, kayan aikina da ba na ba da aro su ne sifana mai awo, wadda take ƙara in noti ya kai inda ya kamata ya tsaya, da wani guntun sandar giyabos da na yanke don daidaita faifai a tsakiya, da miƙaƙƙen ƙarfen da nake ɗorawa a fuskar fulawil in ga ko ta yi kwari. Sauran kuma hanci ne da ƙafa. Kulochin da ya ƙone, tun daga bakin titi nake jin warinsa.

Shekarar da aka yi ta ɗauke wuta, wadda ake ce wa dumso, ita ce ta fi kowace muni a sana'ar nan. Ba a ɗora sabon faifai a kan fulawil mai ƙuna sai an kai wa masu injin goge ƙarfe sun share fuskar. To, su kuma ba wuta. Motoci suka taru a ƙofar shago giyabos a ƙasa, direbobi na zaune a kanka suna huci, ga iyali a gida, ga mai mota na kiransu. Wasu masu shago suka riƙa ɗorawa haka nan, mota ta tafi ta dawo tana karkarwa. In wuta ta zo kuma, masu goge ƙarfe sai su yi ta aiki da gaggawa kafin a sake ɗaukewa. A haka aka goge wa maƙwabcina Masta Adamu wani fulawil har ya yi siriri fiye da kima. Ya ɗaura, ya tada inji a cikin shago, yana tsaye a gefe yana ba shi wuta don ya ji sauti. Ina wanke hannu na ji ƙara kamar an fasa dutse. Fulawil ɗin ya tarwatse, ya fasa gidan giyabos, wani ɓangare ya huda kwanon rufi ya fita, wani ya sami Masta Adamu a dunduniya. Yana nan da rai, kun san shi, shi ne mai ɗingishin nan da ke sayar da man birki a bakin layi. Tun daga ranar bai sake shiga ƙarƙashin mota ba.

Motar da nake so in ba ku labarinta ta zo mini bayan wannan da shekaru. Shuɗiya ce, 'yar Japan, mai ƙofa biyu, kujera biyu, cikinta kusan yana shafar ƙasa. Sai da muka jera katako kafin ta iya hawa dakalin shago. Mai ita Faruk, ɗan Hajiya Memuna mai sayar da atamfa, wadda gidansu ke bayan namu a Zongo. Ya yi shekaru a Turai yana aiki a wata masana'antar ƙarfe, ya tara abin da ya tara, ya dawo da motar nan a kwantena. Kada ku ɗauka irin yaran nan ne da ba su san inda ake zuba mai ba. Faruk ya san mota. A Accra ya kai ta aka sa mata babban turbo, aka taɓa kwakwalwar injin, ƙarfinta ya ƙaru sosai. Kulochin da aka yi ta da shi kuwa ba a yi shi don wannan ƙarfin ba. Ya ce mini, "Masta, in na taka a giya ta uku, inji na ihu, mota ba ta gaba."

Ya buɗe but ɗin motar ya fito da kwali. Kulochin tsere ne ya sa aka aiko masa. Faifan ba zagayayye ba ne irin wanda muka saba, fukafukai gare shi, kowanne da ɗan dutse mai kaushi a baki. Murfin kuwa, na taka shi da ƙafa da dukan nauyina, ko motsi bai yi ba. Na ce masa, "Faruk, wannan zai riƙe ƙarfin injinka, ba shakka. Amma ka sani, ba shi da lallashi. Kulochin gida yana kamawa a hankali, wannan ko ya saki ko ya cafke. Yana cin fulawil, yana gajiyar da ƙafa, kuma duk abin da ke tura shi sai ya sha wuya. Sannan sabo ne, sai ka yi ta tuƙa shi a hankali cikin gari har fuskokin su saba da juna, kafin ka taka shi da ƙarfi. In ka ƙona shi tun yana sabo, ya ƙone ke nan."

Ya ce ya karanta duk wannan, ya yarda. Matsalar ɗaya ce: ran Lahadi za a kai ƙanwarsa Zainabu gidan miji a Oforikrom, kuma ya yi mata alkawari tun yana Turai cewa shi zai kai ta a wannan motar. Kun san yadda ayarin amarya yake a Zongo. Babura a gaba suna ɗaga taya, motoci na juyi a mararraba, yara na ihu. Na dube shi. Ya yi dariya ya ce, "Masta, wallahi ba zan yi wasa ba. Ƙanwata ce a ciki."

Muka sauke giyabos ni da Bukari, abokin aikina da muka yi koyo tare tun zamanin Wofa Yaw. Ina cire tsohon murfi na ga abin da ya sa na ajiye sifana. Waɗanda suka yi aikin inji a Accra sun rage wa fulawil nauyi don inji ya riƙa tashi da sauri. Ba sabo marar nauyi suka sa ba, na asalin suka ɗora a inji suka fere bayansa. Na shafa kananzir da alli, na kira Faruk a waya na ce ya zo ya gani da idonsa. Kafin ya iso layukan sun fito, biyu daga ciki sun doshi ramukan noti. Na nuna masa inda fulawil yake zama a motar, na nuna masa inda ƙafafun direba suke, da na wanda ke gefensa. Tsakaninsu bai wuce tafin hannu ba, sai ɗan siririn ƙarfen bene. Bai yi gardama ba. Ya ce, "A ina za mu sami wani?"

Wannan tambaya ta ci mana wuni biyu. Irin motar nan ba ta da yawa a Kumasi. Muka bi layin masu injunan gwanjo shago shago, wannan ya tura mu wurin wancan, har muka dace da wani Opoku da ke da rabin irin motar a bayan shagonsa, ciyawa ta fito ta cikinta. Fulawil ɗin lafiyayye ne, ba wanda ya taɓa shi, da notinsa. Amma giyabos ɗin an daɗe da sayarwa, da gwafarsa da komai. Na so in canza gwafar, don na san murfin nan zai matsa mata fiye da abin da ta saba. Muka nema ba mu samu ba. Na wanke tamu, na shafa mata alli, ta fito fari tas. Na gaya wa Faruk, "Ban ga komai a jikinta ba. Amma tsohuwa ce, kuma aikin da za ta yi yanzu ya fi na da. Ka sa a aiko maka da mai ƙarfi, in ta zo mu canza." Ya ce to, a ranar ma ya aika saƙo.

Ina cikin share fuskar sabon fulawil da yamma sai ga tasi ta tsaya, Hajiya Memuna ta fito. Ba ta taɓa zuwa Magazin wurina ba. Na ba ta kujera ta ƙi zama. Ta dubi motar a kan jak, ta dubi Bukari, sai Bukari ya ce zai je ya yi alwala.

Ta ce, "Masta Salifu, ka san ni, na san mahaifiyarka, Allah ya ji ƙanta. Alfarma na zo nema. Kada motar nan ta tashi kafin Lahadi."

Na ce, "Hajiya, lafiya?"

"Ka ce wani abu ya ɓace. Ka ce ba a sami kaya ba. Ku kun san yadda kuke yi."

Na ce, "Hajiya, ba zan iya yi masa ƙarya ba. Motarsa ce, amana ya ba ni. Abin da zan iya yi miki alkawari shi ne, in akwai abin da raina bai kwanta da shi ba, ba za ta bar shagon nan ba."

Ta gyara mayafi ta ce, "'Ya'ya biyu Allah ya bar mini. Ran Lahadi dukansu biyu za su shiga cikin wannan gwangwanin, abokansa na zuga shi ta ko'ina. Kai ka yi tunani." Ta koma tasi ba ta jira amsa ba.

Ban gaya wa Faruk ta zo ba. A inda muka tashi, ba a ɗaukar maganar uwa a kai wa ɗa.

Aikin ɗaurawa na yi shi kamar yadda nake yi wa kowa, sai dai na ƙara natsuwa. Na wanke fuskar fulawil da ta murfi har ba ɗigon maiƙo, don ko zanen yatsa mai giris ya isa ya ɓata faifai. Notin fulawil na sa musu gam ɗin noti, na ɗaure su ɗaya nan ɗaya can tsallake, kaɗan kaɗan, har sifana mai awo ta yi ƙara a kan kowanne. Na duba gaban faifai da bayansa, don in ka juya shi zai shiga, amma ba zai saki ba. Na sa guntun sandata na tsayar da shi a tsakiya, na bi notin murfi a zagaye ina ba kowanne rabin juyi, don kada murfin ya karkace. Giris ɗan kaɗan a kan haƙoran sanda, na goge ragowar. Da muka ɗaga giyabos ni da Bukari, ya zame ya zauna da kansa, ba mu ja shi ba. Muka fitar da iska daga famfon kulochi, na shiga na taka feda. Nauyi kamar kana taka buhun siminti, amma giya na shiga sumul.

Ran Asabar da hantsi muka fita gwaji, Faruk na tuƙi ina gefensa. Sau biyu inji ya mutu masa kafin mu bar layi, yana dariya yana cewa, "Kai, wannan abin ba ya wasa." Kafin mu kai shataletalen Suame ƙafarsa ta fara ganewa. Muka bi ta hanyar Dichemso, ina sauraron ƙasa, ba ƙara, ba karkarwa, ba wari. Muka zo wata 'yar hawa inda motoci suka cushe, tirotiro a gabanmu tana ɗaukar fasinja. A gefen dama, dab da kwata, wata mata na gasa ayaba da gyaɗa a kan murhun gawayi, da goyo a bayanta. Tirotiro ta matsa. Faruk yana giya ta ɗaya, ƙafarsa a kan kulochi, ya ɗan ba inji wuta don hawan, ya karya sitiyari dama zai zagaye wani rami.

Sai na ji ƙas, a ƙarƙashin ƙafafunmu.

Motar ta yi tsalle. Ba tafiya ba, tsalle, kamar an harbe ta daga baya. Kaina ya bugi kujera. Faruk ya yi salati ya danna birki, inji na turawa birki na riƙewa, tayoyin baya na ihu, hancin motar ya nufi matar nan. Na ga ta ɗago kai. Na kama sandar giya da hannu biyu na fizge, ta ƙi fita, don ƙarfin inji ya ɗaure ta. Na miƙa hannu ta kan cinyarsa na murɗe makulli. Inji ya mutu. Motar ta tsaya bayan ta ture teburin, murhu ya kife, gawayi ya watse a titi.

Matar tana cikin kwata a tsaye, hannunta ɗaya a bayanta ta dafe goyon. Yadda ta yi ta tsallaka ban gani ba. Yaron ya fasa kuka, kuma ban taɓa jin kukan da ya yi mini daɗi kamar wannan ba. Kafin mu buɗe ƙofa mutane sun kewaye mu, ana dukan rufin mota, ana zagi da Asantanci, wani ya riga ya kama wuyan rigar Faruk ta taga. Na fito na ɗaga hannu, na nuna musu rigar aikina, na yi musu magana da harshensu. Na ce ba gudu yake ba, kowa ya gani a tsaye muke, abu ne ya karye. Na buɗe ƙofar direba na nuna musu fedar kulochi kwance a ƙasa ba ta dawo ba. Wani tsohon direban tasi ya leƙa ya taɓa ta da hannu, ya juya ya gaya wa jama'a gaskiya ne. Da haka aka sassauta. Gawayi ya ƙona matar a ƙauri. Faruk ya tare tasi ya kai ta asibiti da kansa, ya mayar mata da duk abin da ya ɓaci, ya bi ta har gida ya ba mijinta haƙuri.

Ni na tsaya aka jawo motar zuwa shago. Na leƙa ta ƙasa na taɓa wutsiyar gwafar da ke leƙowa waje, na ji tana lilo ba abin da ya riƙe ta. Da Faruk ya dawo da la'asar na gaya masa gwafa ce ta karye tana cikin riƙe murfi, shi ya sa kulochin ya cafke gaba ɗaya. Ya tambaya ko za a iya yi mata walda a daren. Na ce za a iya, amma ko za ta riƙe, ban sani ba, kuma ba wanda zai iya sani. Ya daɗe yana kallon hancin motar inda toka ta manne. Ya ce, "Bar ta, Masta. Zainabu ta shiga motar kawu." Muka rufe ta da tamfol.

Na ɗauka magana ta ƙare. Ran Lahadi da yamma aka aiko mini da babban kwano na shinkafar biki daga Hajiya Memuna, har da rabin kaza. Ashe a tsakar gida, gaban mata, ta ɗaga murya ta ce Allah ya yi wa Masta Salifu albarka, ta roƙe shi ya riƙe motar nan kuma ya riƙe. Magana a Zongo ba ta kwana a gida ɗaya.

Ran Litinin ina buɗe shago Faruk ya iso. Bai yi sallama ba.

"Masta, Mma ta zo nan?"

"Ta zo."

"Ta ce ka hana motar tashi?"

"Ta ce. Na ce mata ba zan yi ba."

"Amma motar ba ta tashi ba. Mace da goyo, Masta. Saura kaɗan in kashe mace da goyo."

Na ce, "Faruk, ni ma ina cikin motar."

Ya ce, "Wataƙila ka ɗauka a ƙofar shago za ta karye."

Maƙwabta sun fara ajiye aiki suna matsowa. A Magazin, in aka ce bakanike ya lalata mota da gangan, ya gama. Ba wanda zai sake ba ka ko keke. Na ɗauko akwatin sifana na ajiye a gabansa. Na ce, "Tun da aka jawo ta ban kwance ko noti ɗaya ba, ga tamfol yadda muka rufe. Kai za ka sauke giyabos ɗin da hannunka, Bukari ya tallafa maka. Ni ba zan taɓa ba. Kowa ya tsaya ya gani."

Ku sani, lokacin da na faɗi haka ban san abin da za a tarar ba. Na shafa wa gwafar nan alli ta fito fari. In ƙarfen ya karye fari fat daga gefe zuwa gefe, ba ni da abin nunawa, kowa sai ya faɗi abin da ya ga dama. Na koma gefe na zauna a kan tsohuwar taya, ina jin ƙarar kowane noti yana faɗawa cikin kwano. Da giyabos ya ja baya, sai wani guntun ƙarfe ya faɗo a kan kwali. Faruk ya ɗauka, ya zaro ɗaya ɓangaren, ya fito rana da su.

A daidai kwarin da gwafar take lilo ta karye, ƙarƙashin wani ɗan ƙarfen maƙali da aka dasa mata tun daga masana'anta, inda alli ba ya shiga. Fiye da rabin bakin karayar baƙi ne, sumul, da tsatsa, da layuka a jere kamar cikin kututturen itace. Ɗan gefe kawai ne fari mai ƙyalli. Tsagar ta daɗe tana ci a hankali, wataƙila tun motar na Turai, sabon murfin ya ƙarasa ta. Faruk ya yi aikin ƙarfe, ba sai an fassara masa ba. Ya kankare baƙin da farce, ya juya shi, ya sake juyawa. Ya miƙa wa Bukari, Bukari ya miƙa wa na kusa, har ya zagaye.

Faruk ya ce, "Tsohuwar tsaga ce." Ya faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji. Mutane suka fara komawa bakin aikinsu. Sannan ya matso kusa da ni ya rage murya. "Amma da ka gaya mini ta zo."

Na ce, "Mahaifiyarka ce."

Ya sa guntayen a aljihu ya tafi.

Gwafa mai ƙarfi ta iso bayan 'yan makonni, na ɗaura, ya bi kulochin a hankali yadda na ce, kuma har yau shi ne a motar. Hajiya Memuna kuwa, na same ta har gida na gaya mata ba ni na yi ba, ƙarfe ne ya gaji. Ta yi murmushi ta ce, "Na gane, Masta, na gane," ta sa aka kawo mini fura. Akwai iyaye mata a Zongo da suka zo mini bayan haka da irin wannan roƙon a kan motocin 'ya'yansu, ina ba su haƙuri suna tafiya suna ganin rowa na yi musu.

Faruk bai canza bakanike ba. Duk abin da ya sami motar nan, nan yake kawo ta, kuma yana gaishe ni da girmamawa kamar da. Sai dai ba ya barinta ta kwana a shago, kuma tun daga notin farko har na ƙarshe yana tsaye a kaina yana kallon hannuna. Ban taɓa ce masa ya zauna ba.